Daga Fim ɗin Cike Gurbi Zuwa Waƙar Baka: Tarken Tafarkin Im Kwon-taek

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar raya al'adun gargajiya ta hanyar fim a Koriya ta Kudu, sunan da akan fara ambata shi ne Im Kwon-taek. Wannan darakta ya fitar da fim ɗinsa na farko a shekarar 1962, na 102 kuma a 2014, watau ya shafe shekara hamsin da biyu yana wannan sana'a. Ya ratsa mulkin soja da na farar hula, ya ga zamanin da hukuma ke sa almakashi ta yanke wa fim abin da ta ga dama, ya kuma ga zamanin da aka daina. Manazarta sun saba kasa aikinsa gida biyu. Kashi na farko, a cewarsu, tarkace ne da ya yi don neman abin sawa a baka. Kashi na biyu kuwa shi ne na hikima, wanda ƙololuwarsa ita ce *Seopyeonje* na 1993. Shi kansa Im ya taimaka wajen kafa wannan ra'ayi, domin ya sha nuna wa masu hira da shi cewa yana jin kunyar fina-finansa na farko.

Manufar wannan maƙala ita ce a sake auna wannan rabo. Za a yi ƙoƙarin nuna abubuwa uku. Na ɗaya, tsarin da ya haifar da tarkacen shi ne kuma ya buɗe wa Im ƙofar komawa ga al'ada, saboda haka ba a iya yanka rayuwar aikinsa biyu a ce wannan gefe tsarkakakke ne. Na biyu, Im ya fi ƙarfi a inda yake tuhumar al'ada fiye da inda yake yi mata kirari. Na uku, a cikin fina-finansa biyu da suka fi shahara a kan waƙar baka ta *pansori*, wanda ya fi samun kasuwa a gida ba shi ne ya fi ba wa waƙar haƙƙinta ba. Wannan batu na uku ya shafi duk mai nazarin adabin baka, domin tambaya ce a kan abin da ke faruwa da waƙa idan an ɗauke ta daga dandali aka sa ta gaban kyamara.

Kafin a ci gaba, ya kamata a lura cewa mutanen Koriya sukan gabatar da sunan zuri'a a kan sunan yanka. Saboda haka Im shi ne sunan zuri'a, kuma da shi za a riƙa ambatarsa.

2.0 Asali da Shiga Sana'a

An haifi Im a Jangseong, cikin lardin Jeolla ta Kudu, a tsakiyar shekarun 1930, lokacin da Koriya ke ƙarƙashin mulkin mallakar Japan. Yankin Jeolla shi ne mahaifar *pansori*, kuma yana cikin yankunan da rikicin 'yan gurguzu da masu adawa da su ya fi ɗaiɗaitawa kafin Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 da kuma cikinsa. Wasu daga cikin dangin Im sun bi ɓangaren 'yan gurguzu, abin da ya jawo wa gidansu tsiya da zargi, a ƙasar da a wancan zamani hukuma kan shafa wa ɗa laifin ubansa. Im ya bar gida yana saurayi ya tafi Busan, ya yi aikin ƙarfi, ya kuma yi aiki da masu sayen takalman sojan Amurka suna gyarawa suna sayarwa. A 1956 ya koma Seoul, ya shiga ƙarƙashin darakta Chung Chang-hwa a matsayin yaron aiki. Ba makarantar fim ya yi ba, ba kuma sha'awar hikima ce ta kai shi ba; neman abinci ne. A hannun Chung, wanda gwani ne a fim ɗin faɗa, har daga baya ya tafi Hong Kong ya yi suna a can, Im ya koyi sanin inda ake kafa kyamara da inda ake yanke hoto. A 1962 ya fitar da nasa na farko, *Dumanganga jal itgeora*, watau ban kwana da Kogin Duman, labarin matasa masu yaƙi da Japanawa a Manchuriya.

3.0 Doka da Fina-finan Cike Gurbi

Ba za a fahimci shekara goma na farko na aikin Im ba sai an fahimci dokar da ya yi aiki a ƙarƙashinta. Janar Park Chung-hee ya ƙwace mulki a 1961, a 1962 kuma aka kafa dokar fim, wadda gyaran da aka yi mata a 1963 ya wajabta wa kowane kamfani fitar da fim goma sha biyar a shekara. Daɗin daɗawa, an ɗaure izinin shigo da fina-finan waje da yawan waɗanda kamfani ya yi a gida. To, riba tana ga fim ɗin waje. Sai kamfanoni suka mai da fim ɗin gida tamkar kuɗin fito, a yi shi da gaggawa da kuɗi kaɗan, don kawai a sami takardar shigo da na Amurka. A ƙarshen shekarun 1960 ƙasar na fitar da fim fiye da 200 a shekara, da yawansu kuwa na cike gurbi ne. A cikin wannan yanayi Im ya yi fina-finai kusan hamsin a shekara goma sha ɗaya: na yaƙi, na takobi, na 'yan daba, na fada da sarauta, na soyayya mai sa kuka.

Akan ce fim ɗin *Japcho* na 1973, watau ciyawar banza, shi ne inda ya juya ya fara ɗaukar aikinsa da muhimmanci. Haka ne, amma akwai abin da masu wannan magana kan tsallake. A wannan shekara ce gwamnatin Park, bayan ta ƙara ɗaure ƙasa da tsarin mulkin Yushin na 1972, ta sake gyara dokar, ta kafa hukumar bunƙasa fim, ta kuma riƙa ba da izinin shigo da fim ɗin waje a matsayin tukuici ga kamfanin da ya yi abin da ta kira fim mai inganci. Mai inganci a wurinta shi ne wanda ya soki gurguzu, ko ya yabi manufofinta, ko aka ɗauko shi daga adabi, ko ya nuna al'adun ƙasa. Im ya yi aiki a dukan waɗannan fagage. Shi ne ya ba da umarni a *Jeungeon*, babban fim ɗin yaƙi na sukan gurguzu wanda hukumar ta ɗauki nauyinsa, shi da danginsa suka sha wuya saboda gurguzun. Kowa ya ci ladan kuturu, in ji Bahaushe, dole ya yi masa aski.

Abin lura a nan shi ne, tun da kamfani ba ya jiran riba daga irin wannan fim, lada kawai yake nema daga hukuma, sai darakta ya sami wani 'yanci da kasuwa ba za ta ba shi ba. Yana iya jan fitowa ta yi tsawo, yana iya barin labari ya ƙare ba daɗi. Ta wannan kafa Im ya bi ya fita. Ke nan komawarsa ga al'ada ta faro ne a cikin gidan gwamnatin soja wadda ita ma tana da bukatar a nuna wata irin Koriya. Haka kuma, gwanintar da ya nuna daga baya wajen sarrafa motsi da lokaci, a makarantar cike gurbin ya same ta. Hujja a kan haka ita ce *Janggunui adeul*, watau ɗan janar, na 1990, fim ɗin 'yan daba tsantsa a kan Kim Du-han, wanda ya yi shi bayan ya riga ya yi suna a Turai, ya kuma kafa tarihin yawan 'yan kallo a Seoul. Nasarar wannan fim ce ta sa kamfanin Taehung na Lee Tae-won ya yarda ya zuba kuɗi a *Seopyeonje*, wanda ba wanda ya zaci zai mai da uwar kuɗi.

4.0 Inda Ya Tuhumi Al'ada

Fina-finan da Im ya yi tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da ƙarshen na 1980 su ne, a ganin wannan maƙala, suka fi nauyin tunani. Za a duba uku a taƙaice.

*Jokbo*, watau kundin salsala, ya fito a ƙarshen shekarun 1970, an kuma ɗauko shi daga labarin Kajiyama Toshiyuki, marubuci Bajapane wanda aka haifa a Seoul. Jigonsa shi ne dokar da ta fara aiki a 1940, wadda ta matsa wa mutanen Koriya su ɗauki sunayen zuri'a irin na Japan, har kusan kashi 80 cikin 100 na gidaje suka bi. An aiki Tani, wani ƙaramin ma'aikaci Bajapane, ya shawo kan dattijo Seol, mai riƙe da kundin zuri'arsa na ɗaruruwan shekaru. Da matsi ya kai ga 'ya'ya da jikoki, dattijon ya sallama a kan iyalinsa, sa'an nan ya kashe kansa. Ƙarfin fim ɗin yana cikin yadda ya ƙi sauƙaƙa wa mai kallo. Tani yana ƙaunar Koriya da gaske, amma ƙaunarsa ba ta ceci kowa ba, ita ce ma ta sa ya fi dacewa da aiken. Dattijon kuma jarumi ne, amma nauyin jaruntarsa a wuyan 'yarsa da jikokinsa ya fara sauka. Ga mai nazarin harshe, da wuya a sami fim da ya nuna a sarari haka cewa suna ba alama ce kawai ba, igiya ce da ta ɗaure rayayye da matattunsa.

*Gilsotteum*, wanda ya shiga gasar Berlin a 1986, ya ginu a kan shirin da gidan talabijin na KBS ya yi a 1983, inda aka kwana 138 ana sada dangin da yaƙi ya raba. Duk ƙasar ta yi kuka a gaban talabijin, kuma abin da kowa ke so ya ji shi ne jini ba ya ɓuya. Im ya kawo mace mai wadata tana neman ɗanta, ta same shi matalauci, marar tarbiyya, gwajin jini ya nuna kusan tabbas nata ne, amma ta ƙi karɓarsa. Watau shekara talatin na rabuwa sun gina katangar da jini bai iya rushewa ba. Wannan magana ce mai ɗaci ga al'ummar da ke kallon haɗuwar Kudu da Arewa a matsayin komawar ɗa gida.

*Ssibaji* na 1987 kuwa labarin yarinya ce talaka da gidan masu sarauta na zamanin daular Joseon suka ɗauko don ta haifa masu magaji. Ta haihu, aka karɓe ɗan, aka kore ta, ta rataye kanta. Kang Soo-yeon ta sami kyautar gwarzuwar 'yar wasa a Venice saboda wannan fim. A nan kundin salsalar da aka mutu dominsa a *Jokbo* shi ne ya ci rayuwar yarinya. In aka jera fina-finan biyu, sai a ga mutumin da ya san darajar abin da ya gada, ya kuma san wanda ke biyan kuɗinsa. A wannan tsakani ne kuma ya yi *Mandala* (1981), a kan sufaye biyu mabiya Buddha, wanda ya fito da haɗin gwiwarsa da mai ɗaukar hoto Jung Il-sung, wanda suka daɗe tare.

5.0 *Pansori* da *Seopyeonje*

*Pansori* waƙar labari ce ta baka. Mawaƙi ɗaya ne, namiji ko mace, riƙe da mafici, da makaɗi ɗaya mai ganga da ake kira *buk*. Mawaƙin yakan rera, ya sauka ya yi zance, ya kwaikwayi taurarin labarin da murya da motsin jiki. Makaɗi da masu sauraro sukan jefa kalmomin ƙarfafawa da ake kira *chuimsae*, waɗanda ba amshi ba ne irin na mawaƙanmu, sun fi kusa da abin da ɗan ma'abba ke yi a gefen makaɗi. A da akwai labarai goma sha biyu, biyar ne suka rayu, ciki har da *Chunhyangga* da *Simcheongga*. Rera *Chunhyangga* daga farko har ƙarshe yana iya cin awa takwas. Gwamnati ta sa *pansori* cikin kayan gado da take karewa a 1964, hukumar UNESCO kuma ta amince da shi a 2003. Kalmar *seopyeonje* tana nufin salon yamma da Kogin Seomjin, mai taushi da jan murya da baƙin ciki, kishiyar salon gabas mai ƙarfi da yankewa.

An ɗauko fim ɗin daga gajerun labaran Yi Cheong-jun. Yubong, mawaƙi mai yawo, yana renon yara biyu da ba shi ya haifa ba: Songhwa tana koyon waƙa, Dongho yana koyon kiɗa. Zamani ya juya wa sana'ar baya. Akwai fitowar da 'yan badujala suka wuce da kiɗan Turawa suka janye masu sauraronsu. Dongho ya gaji da yunwa ya gudu. Songhwa ta daina waƙa don baƙin ciki, sai Yubong ya zuba mata magani fiye da ƙima ya makantar da ita, don kada ta tafi, don kuma muryarta ta sami *han*, watau ƙuncin da ya taru a zuci bai sami mafita ba. Bayan shekaru Dongho ya gano ta a wata mashaya, suka kwana yana kiɗa tana rera *Simcheongga*, kowa ya gane ɗan'uwansa, ba wanda ya furta, gari ya waye suka rabu.

Fim ɗin ya fito a 1993, shekarar da rabon fina-finan gida a kasuwar Koriya ya faɗi zuwa kusan kashi 16 cikin 100, bayan kamfanonin Amurka sun fara rarraba hajarsu kai tsaye tun 1988. Shi ne fim ɗin Koriya na farko da ya haura 'yan kallo miliyan ɗaya a Seoul. Ba shakka mutane sun ga kansu a cikin mawaƙan da baƙon kiɗa ya kora. Ba kuma za a yi musun kyansa ba. Fitowar da su ukun suke gangarowa ta wata hanya tsakanin gonaki a tsibirin Cheongsan suna waƙa suna rawa, kyamara na kafe wuri ɗaya fiye da minti biyar ba yankewa, tana cikin abubuwan da suka fi kyau a duk aikin Im.

Amma akwai matsaloli guda biyu. Ta farko ta shafi jigo. *Simcheongga* labarin 'ya ce da ta sayar da ranta don makahon ubanta ya sami gani. A fim ɗin, uba ne ya ƙwace ganin 'ya don waƙa ta rayu. Im ya ga wannan juyi sarai, shi ya sa ya zaɓi waƙar. Sai dai fim ɗin bai tsaya ya tuhumi Yubong yadda *Ssibaji* ya tuhumi masu sarauta ba. Songhwa ta san abin da aka yi mata, ta yafe, muryarta kuma ta kai inda ake so. Ke nan sakamako ya gaskata uban. Chungmoo Choi, a cikin littafin da David James da Kyung Hyun Kim suka shirya a kan Im a 2002, ta soki yadda aka mai da jikin mace wurin da ake rubuta ciwon ƙasa, ta kuma danganta wannan ƙawata baƙin ciki da kallon da masanan Japan na zamanin mallaka, irin su Yanagi Muneyoshi, suka yi wa fasahar Koriya. Sukan yana da tushe. *Pansori* cike yake da barkwanci da habaici da zambo ga masu mulki. Mai kallon *Seopyeonje* kaɗan zai gani daga wannan.

Matsala ta biyu ta shafi zubi, kuma ita ce ta fi damun mai nazarin waƙa. A daren haɗuwar, daidai lokacin da waƙar ke hawa zuwa ƙololuwarta, sai aka janye muryar Songhwa da gangar Dongho a hankali, aka maye gurbinsu da kiɗan zamani da Kim Soo-chul ya tsara wa fim ɗin. Muna ganin baki na motsi, hawaye na zuba, amma ba ma jin waƙar. Masu kare Im sun ce abin da ke tsakanin 'yan'uwan biyu ya wuce abin da kunne zai ɗauka. Wannan fassara tana da daɗi, amma sakamakon a aikace shi ne, a wurin da fim ɗin ya yi alkawarin jiyar da mu muryar da aka makantar da mutum dominta, sai ya ji tsoron kada ta kasa taɓa zuciyar ɗan birni, ya kira wani kiɗa ya taimaka. Abin da 'yan badujala suka yi wa Yubong a titi, shi fim ɗin ya yi wa Songhwa a ɗaki. Har ila yau, waƙar da ake rerawa a waccan doguwar fitowa ta kan hanya, *Jindo Arirang*, waƙar jama'a ce, ba *pansori* ba ce.

6.0 *Chunhyang*: Waƙa ta Ja Ragama

Bayan shekara bakwai Im ya dawo wa matsalar ta wata fuska. Labarin Chunhyang sananne ne ga kowane ɗan Koriya, an kuma sha mai da shi fim. Mongryong, ɗan hakimin Namwon, ya auri Chunhyang, 'yar wata tsohuwar mai nishaɗantar da manya, a asirce. Aka mai da ubansa babban birni, ya bi shi. Sabon hakimi, Byeon Hakdo, ya nemi Chunhyang, ta ƙi, ya sa aka yi mata bulala aka kulle ta. Mongryong ya ci jarrabawar sarki, ya dawo a matsayin mai binciken asiri cikin shigar almajiri, ya tuɓe azzalumin.

Sabon abin da Im ya kawo a *Chunhyang* na 2000 shi ne, ya kafa mashahurin mawaƙi Cho Sang-hyun a kan dandamali gaban masu sauraro, ya bar muryarsa ta zama ƙashin bayan fim ɗin. Hoto ne ke bin waƙa. Alal misali, inda Mongryong ya aiki baransa Bangja ya kira Chunhyang, takun Bangja da tsallensa da yanke-yanken hoton duk a kan bugun ganga suke sauka, har abin ya ba da dariya kamar yadda waƙar ta nufa. A wurin bulala kuwa, inda Chunhyang ke mai da kowane bugu martani da lissafinsa, Im yakan bar farfajiyar hakimi ya komo zauren waƙa, ya nuna mawaƙin da fuskokin masu sauraro. Ga bambanci da *Seopyeonje* a fili. A can, da aka zo ƙololuwa, an kashe waƙa an bar hoto. A nan an janye hoto an bar waƙa. Ta haka kuma wahalar mace ba ta zama abin ƙawa ga ido ba, ta zama abin da jama'a ke saurare suna mai da martani, kamar yadda al'adar ta tanada. Bugu da ƙari, Chunhyang mai magana ce, tana jayayya da hakimi da hujjar doka da ɗa'a, alhali Songhwa haƙuri kawai aka ba ta.

Wannan zubi yana da nasa aibi. Taurarin ba su da zurfi, domin mawaƙin ya riga ya faɗi abin da ke zuciyarsu, wani lokaci kuma hoto yakan maimaita abin da kunne ya riga ya ji. Fim ɗin bai yi kasuwa a gida yadda aka zata ba. Amma shi ne fim ɗin Koriya na farko da ya shiga babbar gasar Cannes, kuma a nan ne gwanintar yanke hoto da Im ya koya a fina-finan faɗa ta sami aikin da ya dace da ita, domin daidaita taku da bugu aikin mai fim ɗin faɗa ne.

7.0 Shekarun Girma

A 2002 Im ya sami kyautar gwarzon darakta a Cannes, tare da Paul Thomas Anderson, saboda *Chihwaseon*, tarihin mai zane Jang Seung-eop na ƙarni na 19. A 2005 Berlin ta ba shi kyautar girmamawa. Fim ɗinsa na 100, *Cheonnyeonhak* (2007), ya koma ga labarin Songhwa da Dongho, amma bai ja 'yan kallo ba. A lokacin kasuwa ta koma hannun matasa irin su Park Chan-wook da Bong Joon-ho. Akwai alamar cewa a wannan mataki al'ada ta fara zame masa jerin kayan da za a adana ɗaya bayan ɗaya: jana'iza a *Chukje* (1996), zane a *Chihwaseon*, takardar gargajiya a fim na 101 (2011). Idan darakta ya zama wakilin ƙasarsa a bukukuwan waje, akwai haɗarin ya riƙa nuna abin da baƙo ke zuwa nema. Im bai tsira daga wannan ɗungum ba, ko da yake *Hwajang* na 2014, labarin ma'aikacin kamfani mai jinyar matarsa, ya nuna bai manta da rayuwar yau ba.

8.0 Kammalawa

An ga cewa tafarkin Im ba hawa ne miƙaƙƙe daga shara zuwa zinariya ba. Dokar soja ta sa shi yin tarkace, ita ce kuma ta ba shi kafar yin *Jokbo*. Fim ɗin 'yan daba ne ya buɗe wa *Seopyeonje* hanya. Hannun da ya koyi haɗa faɗa shi ya haɗa *Chunhyang*. An kuma ga cewa *Seopyeonje* fim ne a kan *pansori*, *Chunhyang* kuwa fim ne da *pansori* ya gina, kuma na biyun ne ya amince da waƙar.

Wannan bambanci yana da amfani ga manazartan fim ɗin Hausa. Tun daga *Shaihu Umar* na Adamu Halilu a 1976 zuwa fina-finan bidiyo da suka biyo bayan *Turmin Danya* na 1990, muhawararmu a kan al'ada ta fi karkata ga abin da ido ke gani: tufafi, gine-gine, rawa, da ko an kwaikwayi Indiya. Ba a cika tambayar wane ne ke jan ragamar zubi ba. Gaskiya ne waƙar Narambaɗa ko ta Shata ba labari ɗaya dogo ba ce irin *pansori*, ginin ta a kan ɗiya da amshi yake, saboda haka dabarar Im ba za ta kwafu kai tsaye ba. Amma ma'aunin da aikinsa ya bayar yana nan: idan an sa makaɗin gargajiya a fim, a duba a ga ko hoto yana bin kiɗansa, a kuma duba ko ana barin muryarsa a lokacin da labari ya kai inda ya fi zafi, ko kuwa a nan ne ake sauke ta a ɗora fiyano.